Sau uku aka yi masa maganin taifot, ba wanda ya tambaye shi me ke hana shi barci

Sau uku cikin wata biyar aka yi wa yayana maganin taifot. Ɗan wan mahaifina ne, amma gida ɗaya muka tashi a Gwammaja, kuma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya. Yana da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, rufin asiri daidai gwargwado. Kukan da yake kaiwa asibiti kullum iri ɗaya ne: kansa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa, gabansa yana faɗuwa ba dalili, wani abu yana yi masa yawo a jiki, abinci ya zama kamar dusa a baki. Barci kuwa, da zarar ƙarfe biyun dare ta yi ido ya bushe, shi ke nan sai kiran assalatu. A ɗebi jini, a dawo da takarda a ce akwai ɗan taifot da maleriya, a rubuta allurai. Ya gama allurai, jiya i yau.

Abin da sirinji ba ya iya zuƙowa shi ne, wani abokin cinikinsa da suka shekara tara suna hulɗa ya karɓi diloli bashi, ya tsallake, ya kashe waya. Kayan kuma ba duka na Yaya ba ne, akwai na mutane a ciki. Mu a gida mun san da maganar, amma ba wanda ya haɗa ta da ciwon kan. Shi ma bai haɗa ba.

Mai kyamis ɗin bakin layinmu ne ya fara "taimaka" masa da wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi na barci, diazepam, wanda samarin unguwa ke kira D5. Satin farko ya yi barci har da munshari. Kafin sati na uku ɗaya ba ta isarsa. Daga baya aka dace da wani likita a wani babban asibiti, wanda ya dube shi ya ce, "Alhaji, ba taifot ke damunka ba, damuwa ce." Allah ya saka wa likitan nan, shi ne na farko da ya kira ciwon da sunansa. Sai dai a bakin ƙofarsa mutane sun yi dafifi, kowa riƙe da kati, ga masu leƙe ta labule. Ya rubuta amitriptyline, ya ce a dawo bayan wata ɗaya. Duka zaman bai kai minti biyar ba. Yaya ya sha kwana shida. Bakinsa ya bushe ƙamas, jiri yana ɗibarsa in ya miƙe, kwana biyu a jere jam'in asuba ya wuce shi, mutumin da ba a raba shi da sahun gaba. Ba wanda ya gaya masa cewa irin wannan magani wahalarsa ce ke fara zuwa, amfaninsa sai bayan sati biyu zuwa huɗu. Wani a majalisa ya karanta kwalin ya ce ai wannan na masu taɓin hankali ne. Ranar aka jefa sauran a bayan sif.

Ra'ayina, kuma zan faɗe shi tun yanzu don kada in yi ta kewaye-kewaye: mai ciwon damuwa ko fargaba da bai yi tsanani ba, abin da ya kamata a fara ba shi shi ne zama na tattaunawa mai tsari, sau biyar zuwa goma, da wanda aka koya wa aikin, da harshen Hausa. Magani ya tsaya a gefe, a ɗauko shi in zaman bai wadatar ba, ko in ciwon ya yi nauyi, ko in shi mai ciwon ya ji bayanin duka biyun ya ce maganin ya fi masa. A Kano mun juya abin. Kuma ba don magani ya fi aiki muka juya shi ba, sai don shi ne ake iya rubutawa cikin minti ɗaya, a saya a bakin titi.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya ƙwace wa ɗan'uwansa magani. Akwai ciwon da ba a tsaya hira da shi. Wanda ya daina ci da sha, wanda ya fara zancen gara ya mutu ya huta, wanda yake jin muryoyi, maijegon da ta juya wa jaririnta baya tana kallon bango: waɗannan a yau ɗin nan a kai su asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko ɓangaren ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano. Na ga maijego a danginmu da aka yi wata biyu ana mata hayaƙi da tofi, tana ƙara nisa, magani ne da ikon Allah ya dawo mana da ita. Wanda kuma ya riga ya daɗe a kan magani, ba a yanke shi rana ɗaya, sai a hankali kuma da sanin likita. Maganata a kan masu yawan ne, irin su Yaya, waɗanda suna tafiya da ƙafarsu, suna gaisawa da mutane, suna amsa "lafiya lau", alhali ciki ya ruɓe.

Su kansu masana maganin ba su ce a bai wa kowa ba. A 2010 wasu masu bincike a Amurka sun haɗa sakamakon gwaje-gwaje shida, mutum 718, inda aka bai wa wasu maganin gaske, wasu kuma ƙwayar bogi da ba komai a cikinta. Suka tarar gwargwadon nauyin ciwo, gwargwadon ratar da maganin gaske ke bai wa na bogi. A wurin masu tsananin ciwo ratar babba ce, a wurin masu sauƙi da matsakaici kuwa da kyar ake ganinta. Wannan ba ya nufin maganin ƙarya ne. A 2018 wani bincike da ya fi wancan girma nesa ba kusa ba, gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, ya nuna kowanne cikinsu ya ɗara na bogi. Magani yana aiki, tambayar ita ce ga wa, kuma da wane farashi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙaramin ciwon damuwa ba da ƙwaya ake fara shi ba, hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar jinya ma ta faɗi haka a 2022, sai fa in mai ciwon ne ya zaɓa.

Amma binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2005, shi ma a Amurka. An ɗauki mutanen da suka samu sauƙi, wasu ta hanyar zaman tattaunawa, wasu ta hanyar magani, aka bi su shekara guda. Waɗanda aka janye wa magani, kusan 76 cikin ɗari ciwon ya dawo musu. Waɗanda suka ci gaba da sha, 47. Waɗanda suka yi zaman tattaunawa aka sallame su, ba sa shan komai, 31. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Magani kamar hayar adaidaita sahu ne, yana kai ka muddin kana biya. Zaman kuwa koyon tuƙi ne. Ga mutumin Kano da ke sayen magani na kwana uku-uku saboda abin da aljihu ya ba shi ke nan, alhali ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

To wai mece ce wannan tattaunawar? Duk wanda na yi wa zancen sai ya ce ai mu ma muna yi, in mutum ya shiga wani hali ana ba shi baki. Gaskiya ne ana ba shi baki. Yaya ya sha "ka yi haƙuri" har ya ƙoshi. Ya sha "ka dubi na ƙasa da kai", ya sha "dukiya ai ta Allah ce", har da wanda ya ce masa raunin imani ne. Duk masu faɗar suna ƙaunarsa, kuma ban da ta ƙarshen duk gaskiya suka faɗa. Sai dai nasiha mai yi ne ke magana, mai ciwo yana gyaɗa kai. Wancan aikin kuwa akasin haka ne.

Na gan shi da idona, shi ya sa nake da bakin magana. Akwai wani dattijo a bayan layinmu, tsohon ma'aikacin jinya ne da ya yi ritaya daga ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Mahaifiyarmu ce ta aika masa. Ya ce Yaya ya riƙa zuwa zaurensa duk Alhamis bayan la'asar, kuma tun ranar farko ya yanka masa: zama shida za su yi, in da buƙata a ƙara biyu, ba zaman har abada ba ne. Ni na raka shi na farko da na biyu, da izininsa. Dattijon ya yago takarda daga littafin rubutun jikansa, ya miƙa masa biro.

"Alhaji, mutum nawa ke bin ka?"

"Baba, ai ba sa ƙirguwa."

"Ƙirga mini su dai."

Ya rubuta. Bakwai ne. Na ga Yaya ya tsaya yana kallon takardar kamar bai yarda ba, don a kansa wata biyar ke nan duk Kwari ce ke bin sa. Baba ya ce ya sa adadin kuɗi a gaban kowane suna. Sannan ya tambaye shi wanne ya fi jin tsoron haɗuwa da shi, wanne kuma ya fi sauƙin kai. Na ɗauka zai ce a fara da mai wuyar. Sai ya ce, "Wannan mai sauƙin, kafin Alhamis ka je ka same shi da ƙafarka. Ba kuɗi za ka kai masa ba. Ka gaya masa abin da ya faru, da abin da za ka iya ba shi duk wata." Aiki na biyu, ya buɗe shago kullum zuwa azahar ko da ba zai sayar da yadi ɗaya ba, domin a lokacin ya bar wa yaronsa shagon, ya kashe waya, ya daina zama a majalisa, sai kwanciya a ɗaki da tunani. Na uku, ba shayi ba goro bayan magariba, waya kuma ta kwana a falo.

A zama na biyu Yaya ya ce shi abin da ke kashe shi, duk inda ya gifta a kasuwa nuna shi ake yi ana cewa ga wanda ya karye. Baba bai ce masa ƙarya ne ba, bai kuma ce ya yi haƙuri ba. Cewa ya yi, "Wa ka ji ya faɗa da kunnenka?" Shiru. Can ya ambaci mutum ɗaya. "A satin nan da ka buɗe shago, mutum nawa suka zo gaishe ka?" Ya lissafa sun fi goma, har da wanda ya kawo masa kaya ya ce ya sayar ya kawo kuɗi. "To rubuta su duka biyun, wannan a dama, wannan a hagu. In dare ya yi tunanin ya taso, ka tashi ka karanta." Maganar D5 kuwa bai yi wasa da ita ba, ya mayar da shi wurin likita aka tsara masa ragewa kaɗan-kaɗan, don irin waɗannan ƙwayoyin jiki yana sabawa da su, kuma yanke su farat ɗaya yana da haɗari.

Ba wani siddabaru a ciki. Daga baya na gane abin da dattijon ke yi yana da asali: warware matsala ɗaya bayan ɗaya, mayar da mutum kan harkokin da ya guje wa, da auna mugun tunani da hujja. Na ƙarshen shi ne ginshiƙin hanyar da wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, ya tsara a shekarun 1960. Masu cewa wannan kayan Turawa ne kuwa, su nemi labarin Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 miladiyya. Shekara dubu kafin Beck, malamin nan ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san musabbabinsa, kamar rashi ko asarar dukiya, ya ce a yi masa magani da magana da gyaran tunani, da kuma wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce wannan yana da tushe a jiki, a haɗa masa da jinyar jiki. Mu da muke karanta yadda idanun Annabi Yaƙub suka yi fari saboda baƙin ciki, muke kiran shekarar rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib shekarar baƙin ciki, ban san inda muka samo cewa damuwa raunin imani ce ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce ta rashin ma'aikata, kuma ba na raina ta. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kullum kuma wasu na haɗa jaka. Likitan da ya ga Yaya, ko yana so, ina zai samo awa guda ga mutum ɗaya? In da sai likita ne zai yi wannan zaman, da na ajiye alƙalamina.

Ba sai likita ba. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya koya wa tsofaffin mata, kakanni, wannan aikin, aka kafa musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. Su ma can ba sa kiran ciwon da sunan Turanci, kalmarsu ma'anarta yawan tunani, kamar dai yadda muke cewa tunani ya yi wa wane yawa. A 2016 aka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 573: bayan wata shida, cikin waɗanda suka yi zama shida a benci kusan 14 cikin ɗari ne ke da sauran alamun ciwon, cikin waɗanda ba su yi zaman bencin ba kuwa rabi. In an ce Harare daban Kano daban, to ga Pakistan, ƙasar Musulmi masu kulle da surukai da kunya irin tamu. A ƙauyukan Rawalpindi ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida aka koya wa, suka riƙa zama da masu ciki da masu jego, kuma sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna ciwon ya ragu da fiye da rabi in aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari a rubuce na zama biyar, kowanne minti 90, sati-sati, wanda aka gwada a Peshawar da Nairobi, kuma an yi shi ne musamman don wanda ba likita ba.

Akwai wani bincike na gida da ya ɗan rage mini zaƙewa, kuma rashin adalci ne in ɓoye shi. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa a Ibadan sun gwada tsarin tattaunawa mataki-mataki a ƙananan asibitoci, suka kwatanta da kulawar ma'aikatan da aka yi wa ɗan horo kan gane ciwon da kula da shi. A 2019 sakamako ya fito: bayan shekara, kusan uku cikin huɗu sun warke a kowane ɓangare, ba wanda ya tsere wa wani. Abin da na fahimta shi ne, babban rabon yana wurin a sami ma'aikacin da ya gane ciwon, ya zauna da kai, ya ce ka dawo, ya neme ka in ba ka dawo ba. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da takardar magani ta minti biyar ba ta bayarwa.

Kano tana da mazaɓu 484. A ce kowace mazaɓa an ɗauki mutum biyu, mace da namiji, daga cikin ma'aikatan lafiyar da makarantunmu ke yayewa duk shekara suna zaune ba aiki, an koya musu, an sa ƙwararre yana duba aikinsu, ba a kai mutum dubu ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta buɗe ƙofa, amma doka ba ta shimfiɗa tabarma.

Sai dai ina da tsoro guda biyu, kuma duka daga halinmu suke. Na farko sirri. Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma yana da dalilinsa na riƙe magana: a garin nan abin da ka faɗa a Kurna da hantsi, kafin la'asar ya isa Hotoro, ya ƙara kitse a hanya. Matar da mijinta zai ƙara aure, barci ya ƙaurace mata, ba za ta buɗe cikinta ga ma'aikaciyar da suke haɗuwa a gidan biki ba. Bencin Harare in aka kafa shi a tsakar asibitin unguwa, kowa na wucewa yana ganin wa ke zaune, ba mai zama. Mu ɗaki muke buƙata mai ƙofa, wanda ba a rubuta komai a kansa ba, da ma'aikacin da ba ɗan unguwar ba, wanda ya san in magana ta fita aikinsa ya fita. Yaya ya saki jiki da Baba ne saboda shekara talatin ba a taɓa jin zancen wani a bakinsa ba.

Na biyu, ba ma ganin magana a matsayin jinya. Mutum ya je asibiti a sallame shi ba allura ba ƙwaya, sai ya fito yana cewa likitan nan bai san aiki ba, surutu kawai ya yi mini. Zai biya dubbai a yi masa ƙarin ruwa mai launin rawaya, amma ya biya ɗari biyar a saurare shi, sai ya ga an cuce shi. Nan ne nake ganin malamanmu da masu wa'azi da masu shirye-shiryen rediyo za su fi kowane likita tasiri. Mai ruƙiyya da aka kawo wa mace ana cewa aljanu ne, in ya gama karatunsa, me zai rage shi in ya tambaye ta yaya zamanta da mijinta, ya kuma san inda zai tura ta? Ba cewa na yi a bar addu'a ba. Yaya bai bar ta ba ko dare ɗaya. Mai karaya ma yana addu'a, kuma yana zuwa wurin maɗori.

Wani abokina ya ce mini duk wannan zancen 'yan boko ne, ciwon mutanen Kano talauci ne, a sauko da farashin masara da mai a ga ko wani zai kwana ido biyu. Rabin maganarsa gaskiya ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 magidanta da yawa lissafi ne ke hana su barci, kuma zama shida a zaure ba ya biyan kuɗin haya. Amma ƙwaya ma ba ta biya. Bashin Yaya ko kwabo bai ragu a zauren Baba ba. Abin da ya canza shi ne, mutumin da ke kwance a ɗaki ya kashe waya ya koma mutumin da ya je ya zauna da masu bin sa ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun ɗaga masa ƙafa, ɗaya ya yafe wani abu, ɗaya ya zazzage masa rashin mutunci a gaban jama'a, ya dawo gida ranar bai ci tuwo ba, ya kuma kwana biyu ba barci. Alhamis ta zagayo ya kai wa Baba labari, suka ɗora daga nan.

Yau shekara biyu ke nan. Saura mutum biyu a takardar. Barcinsa ya dawo, ko da yake in kasuwa ta yi tsit yakan ce mini abin yana leƙo shi. Kwanan baya na je shagon karɓar yadin sallar yara, na tarar da shi da wani maƙwabcinsa mai sayar da leshi, mutumin ya rame, yana ba shi labarin taifot ɗin da ya ƙi jin magani, allura ta uku ke nan. Yaya ya gama aunawa, ya ninke mini yadin, ya jawo wa mutumin kujera. Na ji yana cewa, "Alhaji, zauna tukuna. Ƙarfe nawa kake farkawa da dare?"